Gwajin HPV a Pune: tambayoyin da aka yi mini da amsoshin matan Indiya

Ni ungozoma ce, kuma karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ne ya kai ni birnin Pune da ke jihar Maharashtra a yammacin Indiya. A zangon karatu na biyu aka tura ni aikin koyo a wani ƙaramin asibiti da ke gefen birnin, inda wata ƙungiya mai zaman kanta take yi wa matan da suka kai shekara 30 gwajin ƙwayar cutar HPV, wadda ke jawo sankarar bakin mahaifa, kyauta. Aikin da aka ba ni shi ne shigar da bayanan fom a kwamfuta, domin ban iya Marathi ba, harshen da yawancin matan ke yi, balle in yi musu tambaya da bakina. Likitar da ke kula da mu ta ce duk ma'aikaciya ko ɗalibar da shekarunta suka kai tana iya shiga layi a gwada ta, da sharaɗin za ta bi kowane mataki kamar yadda sauran mata ke bi, ba tsallake. Na taɓa yin gwajin bakin mahaifa da ruwan khal a gida Najeriya, ba a ga komai ba, kuma lokacin sake dubawa ya yi, saboda haka na ba da sunana.

Dalilin wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. Ƙididdigar da hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta fitar game da shekarar 2022 ta nuna cewa mata kimanin 127,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Indiya a shekarar, kimanin 80,000 kuma suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowane mata huɗu da cutar ta kashe a faɗin duniya 'yar Indiya ce. Duk da haka, babban binciken lafiyar iyali da aka yi a ƙasar tsakanin 2019 da 2021 ya gano cewa a cikin matan da ke tsakanin shekara 30 da 49, waɗanda aka taɓa duba bakin mahaifarsu ba su kai biyu cikin ɗari ba, alhali tun 2016 gwamnati ta tsara a riƙa duba kowace mace daga shekara 30 zuwa 65 sau ɗaya a shekara biyar.

Matan da ke cika layin ba da kansu suke zuwa ba. Ma'aikatan lafiya na unguwa da ake kira ASHA, waɗanda gwamnati ta kafa tsarinsu a 2005, su ne ke bi gida-gida suna lallashi, kuma sau da yawa sai sun shawo kan uwar miji kafin a bar surukarta ta fito, domin tambayar da suke sha ita ce: mace lafiyarta ƙalau, ba ciwo ba zubar jini, me za a duba a jikinta? Akwai matan leburorin gini, akwai masu aikatau a gidajen masu hali, akwai kuma masu saran rake da ke zuwa daga gabashin jihar bayan bikin Diwali su kafa bukkoki kusa da gonaki.

Kafin a taɓa kowa sai da wata babbar nas, wadda kowa ke kira Sista, ta tara mu a ƙarƙashin rumfa ta yi bayani da zane-zane, wata abokiyar karatuna 'yar jihar tana fassara mini a kunne. Ta ce ƙwayar tana da nau'i sama da 200, amma kimanin 14 ne ke iya jawo sankara. Yawancin mutane sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun ji komai ba. Kuma a cikin mata goma, jikin tara yakan kawar da ita da kansa cikin shekara biyu. Wadda ta zauna daram a bakin mahaifa ita ce abin tsoro, domin a hankali take sauya halittar fatar wurin, har bayan shekara 15 zuwa 20 ta zama sankara. Na lura cewa maganar hanyar kamuwa jimla ɗaya tak ta ba ta, ta wuce. Da na tambaye ta daga baya, sai ta ce in ta tsaya a wurin rumfar za ta watse, domin babu matar da za ta so a ce an gan ta a layin gwajin cutar da ake ɗauka a shimfiɗa. Aka karanta mana takardar amincewa, masu ilimi suka sa hannu, sauran suka dangwala yatsa.

Daga nan sai takardar tambayoyi, wadda ake cikewa a bayan labule, mace da Sista kawai. Na riga na san ta ciki da waje tunda kullum ita nake shigarwa, amma shigar da amsar wata daban yake da zama a kan kujerar a jefo miki tambayar.

Tambaya ta farko mai nauyi ita ce: kina da shekara nawa aka yi miki aure? Fom ɗin bai tambayi lokacin da mace ta fara sanin namiji ba, ko da yake abin da ake son sani ke nan, domin ba tambayar da za a yi wa matar aure ba ce a wannan wuri, kuma ga mafi yawansu lokacin ɗaya ne da ranar tarewa. Na amsa cewa ina da shekara 20. A takardun da nake shigarwa kuwa, musamman na matan da suka haura 40, lambobin da suka fi dawowa su ne 14, 15 da 16, wasu ma ba su san shekarun ba, sai Sista ta lissafa daga shekarun ɗan fari, tunda a katin shaida na Aadhaar da suke riƙe da shi 1 ga Janairu kawai aka rubuta wa da yawansu a matsayin ranar haihuwa. Dokar Indiya ta sa shekara 18 ga mace, kuma dokar hana auren yara ta 2006 ta tanadi hukunci, amma wancan binciken na 2019 zuwa 2021 ya samu cewa kashi 23 cikin 100 na matan da ke tsakanin 20 da 24 an aurar da su kafin su cika 18, a jihohin Bihar da Bengal ta Yamma kuwa kason ya kai 40.

Abin da ya haɗa ƙuruciya da wannan ƙwaya yana cikin halittar jiki ne. A bakin mahaifa akwai wurin da fata iri biyu ke haɗuwa, mai kauri ta waje da mai laushi ta cikin mashiga, kuma a jikin yarinyar da ba ta daɗe da balaga ba wannan mahaɗa tana waje a fili, fatarta tana cikin sauyi, saboda haka ƙwayar ta fi samun wurin kamawa ta 'yan ƙananan karce-karcen da ido ba ya gani. Sannan yarinyar da aka aurar da wuri galibi wanda ya girme ta da nisa ake ba ta, mutumin da ya riga ya yi shekaru a duniya, kuma cikin fari yakan biyo baya nan da nan, wanda shi ma yana ƙara buɗe wannan mahaɗar.

Sai gurbin yawan mazan da mace ta taɓa sani. Littattafan da muka karanta, waɗanda aka rubuta bisa binciken Turai da Amurka, wannan suke sa wa a sahun gaba. Amma a fom ɗinmu kusan ko'ina amsar ɗaya ce: miji ɗaya. Na tambayi likitarmu ko gaskiya ce ko kunya, ta ce akwai kunya, ba a musu, amma ga mafi rinjaye gaskiya ce, shi ya sa tambayoyin da suka biyo baya ba na matar ba ne, na mijin ne. Wace sana'a yake yi? Yana kwana a waje saboda aiki? Ya taɓa aure kafin ke? Yana shan barasa? A nan ne mata kan yi shiru suna kallon ƙasa, kuma Sista ba ta matsa musu. Direban babbar mota, lebura mai bin aikin gini daga gari zuwa gari, ɗan ci-rani da ke Mumbai sai bayan watanni ya leƙo gida: irin amsoshin ke nan. Wani bincike da aka yi a cibiyar cutar daji ta Chennai, aka wallafa a 2003, ya samu cewa ko a tsakanin matan da duk suna ɗauke da ƙwayar, waɗanda suka ce mazansu suna neman mata a waje sun fi sauran kamuwa da sankarar nesa ba kusa ba. Wani kuma da aka yi a ƙauyukan gundumar Dindigul ta jihar Tamil Nadu, aka wallafa a 2005, ya samu ƙwayar a jikin kimanin kashi 17 cikin 100 na matan aure, kuma kason bai ragu da shekaru ba, saɓanin Turai inda take yawa a jikin 'yan mata sannan ta ja baya bayan shekara 30. A Dindigul matan da mazansu suka rasu sun fi ɗauke da ita, waɗanda suka yi makaranta kuma sun fi tsira.

Da aka zo kaina, na ce maigidana ya taɓa aure kafin ni, sun rabu, kuma matar ita ma bazawara ce lokacin da ya aure ta. Sista ta sa alama ba tare da ta ɗago kai ba. Na ga ya dace in tsaya a kan wannan, domin ba a cika faɗinsa ba: ƙwayar ba ta buƙatar haram kafin ta yi tafiya. Aure na sunna bayan aure na sunna ya ishe ta hanya, kuma taɓawar fata da fata kawai take buƙata, shi ya sa ko kwaroron roba yana rage haɗarin ne, ba ya toshe shi gaba ɗaya.

Akwai gurbin addini, wanda da farko mutum zai ɗauka na ƙididdiga ne kawai. Tun shekaru da dama rajistar masu cutar daji ta Mumbai take nuna cewa sankarar bakin mahaifa ta fi ƙaranci a tsakanin mata Musulmi in an kwatanta da mabiya addinin Hindu, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masana suka kawo shi ne kaciya, wadda mazan Hindu ba sa yi. Gwajin da aka yi a Rakai ta Yuganda ya ƙarfafa wannan, domin matan waɗanda aka yi wa kaciya sun samu ragin nau'o'i masu haɗari da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ragi ne dai, ba kariya cikakkiya ba. Mijina mai kaciya ne, kuma ga abin da sakamakona ya nuna a gaba.

Shafi na biyu ya koma kan wani abu daban, wato ba abin da ke kawo ƙwayar ba, abin da ke sa ta zauna ta yi ɓarna. Haihuwa nawa? Yawan haihuwa sananne ne a cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, kuma ko da yake matsakaicin haihuwa a Indiya ya sauko zuwa biyu ga kowace mace, tsofaffin da ke layinmu masu biyar da shida ne. Wace hanyar tazarar haihuwa kike bi? Shan ƙwayoyin hana ɗaukar ciki na shekara biyar ko fiye yana ɗan ƙara haɗari, yana kuma komawa baya bayan an daina, amma a Indiya ba shi ne abin duba ba, domin hanyar da ta fi yawa ita ce ɗaure bututun mahaifa, wanda aka yi wa kusan kashi 38 cikin 100 na matan aure, masu amfani da kwaroron roba kuwa ba su kai kashi 10 ba. Aikin kansa ba ya jawo sankara. Abin da na fahimta daga takardun shi ne, mace ta yi aure tana da 16, ta gama haihuwa ta yi aikin tun ba ta kai 30 ba, daga ranar kuwa babu sauran dalilin da zai kai ta gaban ungozoma, sai bayan shekara ashirin in jini ya ɓalle.

Tambayar taba ita ce ta fi ba ni mamaki. Matar da ke gabana a layi, wadda za ta kai shekara hamsin, tana da baƙi a kan yatsarta manuniya, haƙoranta na ƙasa sun rine, kuma a ƙullin da ta yi a gefen zaninta akwai wata 'yar takarda da ta naɗe. Abin da ke ciki shi ne mishri, ganyen taba da ake gasawa a kasko har ya yi baƙi, a niƙe shi, a riƙa goga shi a haƙori da dasashi da safe, wasu kuma sau da yawa a yini. In an tambaye su ko suna amfani da taba sai su ce a'a, kuma ba ƙarya suke nufi ba, domin a wurinsu abin wanke baki ne. Saboda haka Sista takan ce a buɗe baki ta gani kafin ta rubuta. Binciken taba na ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa matan da ke busa taba kimanin kashi 2 ne cikin 100, masu taunawa ko gogawa kuwa sun kusa kashi 13. An tabbatar da cewa busa taba yana ƙara haɗarin sankarar bakin mahaifa, domin ana samun dafinta a cikin majinar wurin kuma tana raunana garkuwarsa, kuma wani binciken a Chennai ya samu alaƙa tsakanin sankarar da taunar ganyen pan, wani ganye da ake naɗe kayan ƙanshi a ciki, sau da yawa har da taba. Ga kuma hayaƙin bidi, sigarin gargajiya mai naɗin ganye, da mazansu ke busawa a ɗaki ɗaya da suke kwana.

Sauran tambayoyin na talauci ne: aji nawa kika tsaya, akwai bayan gida da ruwan famfo a cikin gidan, me kike amfani da shi lokacin al'ada, audugar mata ko tsumma? Ina da ra'ayi a kan wannan, domin na sha jin ana ce wa mata ƙazanta ce ke kawo cutar. Ƙwayar ba daga tsumma take fitowa ba, ba kuma daga masai ba. Daga mutum take zuwa ga mutum. Binciken Chennai ya samu cewa rashin wurin tsafta yana tafiya tare da ɗaukar ƙwayar, amma a tsakanin waɗanda suka riga suka ɗauka bai ƙara musu haɗarin sankara ba. Macen da ba ta da famfo ita ce kuma aka cire daga makaranta, aka aurar da wuri, ta haihu da yawa, mijinta ya tafi ci-rani, kuma da wuya a ware zare ɗaya daga wannan ƙulli a ce shi ne. Tambaya ta ƙarshe ta cuta mai karya garkuwar jiki ce, wadda a kanta babu ja-in-ja: mai ɗauke da HIV ta ninka wadda ba ta da shi sau shida wajen haɗarin wannan sankara, shi ya sa ake fara gwada ta tun tana da shekara 25. Da muka gama na dubi shafukan biyu, na ga cewa in an cire taba, da wuya a nuna gurbi ɗaya wanda matar ce ta zaɓi amsarsa da kanta.

Ɗaukar samfurin kuwa bai kai tsawon tambayoyin ba. An ba mu zaɓi, ko nas ta ɗauka ko mace ta ɗauka da kanta, kuma kusan kowa ta zaɓi na biyu, ni ma haka. Aka ba ni wani dogon tsinke mai laushin kai a cikin leda da 'yar kwalba mai lamba, na shiga bayan labule, na ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, na tura tsinken cikin gaba zuwa alamar da aka yi a jikinsa, na juya shi 'yan lokuta, na saka a kwalbar na rufe. Babu zafi, babu wanda ya ga tsiraicina, kuma wannan kaɗai ya sa mata da yawa suka yarda. Amincewar da ake yi wa wannan gwaji tana da tushe a wannan jiha kanta. A gundumar Osmanabad, wadda aka sauya wa suna zuwa Dharashiv a 2023, Dakta Rengaswamy Sankaranarayanan da abokan aikinsa na asibitin cutar daji da ke Barshi da cibiyar Tata ta Mumbai sun bi mata fiye da 131,000 masu shekara 30 zuwa 59, kuma sakamakon da suka wallafa a 2009 ya nuna cewa gwajin ƙwayar sau ɗaya tak, tare da magani ga waɗanda aka samu da tabo, ya rage mace-mace da kusan rabi cikin shekara takwas. Ruwan khal ma ba banza ba ne, domin a unguwannin talakawa na Mumbai ya rage mutuwa da kashi 31 cikin 100 a gwajin da aka yi da mata kimanin 150,000.

Ba a aika sakamako ta saƙon waya, saboda a gidaje da yawa wayar ta miji ce. Wadda ba a samu komai a jikinta ba ASHA ke kai mata katinta, wadda aka samu kuma a ce ta zo a ƙara dubawa. Ni likitarmu ce ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta ce an samu nau'i na 16. Na san cewa shi da na 18 su ne ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan sankara a duniya, a Indiya ma kason ya haura haka, kuma na san cewa samun ƙwayar ba samun sankara ba ne, amma duk da wannan sani sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi.

Aka tura ni babban asibiti tare da wasu mata daga cikin waɗanda muka yi layi. Dukanmu mun nemi likita mace, aka kuma ba mu. Na kwanta, aka sa ƙarfen buɗe gaba, likitar ta matso da wani madubin ƙara girma mai fitila a kan ƙafa, wanda ba ya shiga jiki, ta shafa ruwan khal a bakin mahaifar da auduga, muka jira minti ɗaya. Da ta ji ni ungozoma ce sai ta juyo mini da allon na'urar, na ga wani ɗan fili ya yi fari fat a gefen mashiga, kamar an ɗiga nono a kan jan kyalle, gefensa a shate. Ta shafa ruwan aidin, ko'ina ya yi duhu, wurin ya tsaya rawaya. Ta tsinki ɗan nama don a kai ɗakin gwaji, sannan ta ce tunda tabon duk yana waje inda ido ke gani, bai shiga cikin mashiga ba, kuma bai mamaye wurin ba, za ta ƙone shi nan take, domin abin da suka koya shi ne macen da aka ce ta je ta dawo sau da yawa ba ta dawowa. Na'urar 'yar ƙarama ce mai batir, kanta yana zafi har ma'auni 100, wato zafin tafasasshen ruwa, aka manna shi a wurin na kimanin daƙiƙa talatin. Na ji murɗawar mara irin ta al'ada da ɗumi a cikina, shi ke nan. Da tabon ya fi haka girma ko ya shige ciki, da sai an yanke shi da zoben waya mai lantarki. Aka ce zan ga ruwa yana zuba na wasu makonni, kada in kusanci miji har mako huɗu, kada in saka komai a gaba, in kuma na ga zazzaɓi, wari ko jini mai yawa in dawo maza. Ruwan ya zo kamar yadda aka faɗa, na riƙa sabunta alwala a kowace sallah. Sakamakon naman ya nuna sauyi mataki na biyu cikin uku, wanda ba sankara ba ne, amma hanyarta ce.

Abin da ya fi ƙonawar wuya shi ne kiran gida. Ina Indiya, maigida yana Najeriya, ga kuma sunan cutar da ake ɗauka ta mu'amalar aure. Na ce masa, “Malam, akwai maganar lafiya da nake so ka saurara har ƙarshe kafin ka ce komai.” Ya saurara, sannan ya yi tambayar da na san zai yi: daga ina? Na gaya masa gaskiyar da kowane likita zai faɗa, cewa gwajin ba ya nuna lokacin da ƙwayar ta shiga ko daga wa, cewa tana iya kwanciya shekaru a jiki ba a gan ta ba, kuma tabo irin nawa galibi aikin shekaru ne, ba na watanni ba. Na ƙara da cewa babu gwajin da aka saba yi wa maza, babu kuma maganin da ke kashe ƙwayar, abin da ta ɓata kawai ake cirewa. Bai ce mini komai mai ɗaci ba, amma ya yi kwanaki muryarsa ba daidai ba, sai da ya je ya tambayi wani likita abokinsa.

Ni ina da ilimin da zan kare kaina da shi, kuma teku ta ɗauke mini nauyin makonni huɗun. Matan da muka kwanta a gadaje maƙwabta ba su da ko ɗaya. Likitar takan sa a shigo da mijin, in yana waje, ta gaya masa da bakinta maganar ƙauracewa, domin in daga matar ta fito ba za a ji ba, kuma ba ta taɓa barin maganar ta karkata ga laifin wani. Wasu matan kuma abin da suke roƙo shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya su huta. Wannan roƙo yana da tarihi a jihar: a 2019 gwamnati ta shaida wa majalisa cewa an cire mahaifar mata 4,605 a gundumar Beed cikin shekara uku, kuma rahotanni sun nuna cewa da yawansu masu saran rake ne da aka tsorata da sunan sankara saboda farin ruwa ko ciwon mara.

Bayan shekara ɗaya na sake gwajin, ba a samu ƙwayar ba, bakin mahaifar kuma ya warke sumul. Na tambayi likitar batun riga-kafi, tunda a nan Pune ne kamfanin Serum Institute of India yake yin allurar Cervavac, wadda aka amince da ita a 2022, mai kare nau'i na 6, 11, 16 da 18. Ta ce allurar ba ta kawar da ƙwayar da ta riga ta shiga, amfaninta mafi girma ga yarinyar da ba ta kai ga aure ba ne. Indiya ma tana cikin ƙasashen da suka ba duniya hujjar cewa allura ɗaya ta isa, ta hanyar da ba wanda ya tsara: a 2010 gwamnati ta dakatar da ayyukan gwajin allurar bayan rasuwar wasu 'yan mata a wani shiri a Andhra Pradesh da Gujarat, wadda kwamitin bincike bai samu alaƙarta da allurar ba ko da yake ya soki yadda aka nemi izinin iyaye, sai dubban 'yan mata a wani binciken daban suka tsaya da allura ɗaya, kuma da aka bi su shekara goma aka ga kariyarsu daidai take da ta masu biyu da uku. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura ɗaya, a kan haka kuma Najeriya ta fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Da aka zo makarantar babbar 'yarmu, mahaifinta ne ya ba da izini.

A jerin waɗanda ya kamata su dawo gwajin shekara, guraben da suka fi zama fanko na masu saran rake ne, domin ɗan kwangilar da suke kira mukadam ya kai su gonakin wani kamfanin sukari a wata gunduma, lambar wayar da suka bari kuma ta daina shiga. Kafin in bar Pune ƙungiyar ta ƙara gurbi ɗaya a fom ɗin, na sunan ƙauyen asali da lambar ASHA ta can, aka kuma fara ba ma'aikatan kwalaben gwaji su bi matan har bukkokinsu da yamma, bayan an tashi daga sara.